Waiwaye: Tafarnuwar kwalba da murar Salisbury

A lokacin kullen korona, a 2020, tafarnuwa ta yi tashe. Ana dafa ta da citta da lemon tsami ana sha safe da yamma, masu hali kuma suna sayen ƙwayoyinta na kwalba a kemis, wai don ƙara garkuwar jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ta ce babu hujjar tana kare mutum daga cutar, aka yi kunnen uwar shegu da ita. Ita kuwa fargabar da ke cin mutane a ɗaka, kasuwa a rufe, bashi ya taru, barci ya ƙaurace, ba wanda ya lissafa ta cikin maganar garkuwa.

Alhali tun 1991 Sheldon Cohen na Jami'ar Carnegie Mellon ya fitar da sakamakon wani gwaji mai ban mamaki. A cibiyar binciken mura ta Salisbury, a Ingila, aka auna yawan damuwar mutum 394 masu ƙoshin lafiya, sannan da yardarsu aka ɗiga musu ƙwayar cutar mura a hanci, aka killace su. Cikin waɗanda hankalinsu ya fi kwanciya, kimanin kashi 27 cikin ɗari mura ta kama. Cikin waɗanda damuwa ta yi wa katutu, kashi 47. A 1998 ya ƙara gano cewa damuwar da ta kai wata guda ko fiye ce ta fi illa, musamman rashin aiki da rikici da makusanta. Idan damuwa ta sa sinadarin kotisol ya daɗe yana kwarara a jini, ƙwayoyin garkuwa sukan daina jin tsawarsa, kumburi ya wuce gona da iri.

Tafarnuwa fa? A wani gwaji na 2001 da mutum 146, cikin makonni 12, masu shan ƙwayarta sun yi mura sau 24, masu shan ƙwayar bogi sau 65. Abin ya yi daɗin ji, sai dai da masanan ƙungiyar Cochrane suka tace binciken da aka yi kan tafarnuwa da mura a 2014, wannan ɗaya tilo ya cika sharaɗi, suka ce bai isa a yanke hukunci ba.

Ni ban ga laifin tafarnuwa a miya ba. Ta kwalba ce nake ɗari-ɗari da ita, don tana iya ƙara tsinka jinin mai shan warfarin, tana kuma rage ƙarfin saquinavir, maganin ƙanjamau, da kusan rabi.