Tankin Kifi Ya Koma Ma'ajiyar Itace, Ku Kuna Dubai

Wani maƙwabcina ya gina tankunan siminti huɗu a bayan gidansa, ya haƙa rijiyar burtsatse, ya zuba 'ya'yan tarwaɗa. Shekaru yana ci da iyalinsa da sana'ar nan, har da samari biyu masu taya shi canjin ruwa. Kwanan baya na leƙa, na tarar da tanki uku wayam, na huɗun kuwa uwargida ke jibge itacen girki a ciki. Na ce, "Malam, cuta ce ta shiga?" Ya ce, "Ina! Buhun abinci ne ya fi ƙarfina."

To, da ku nake, gwamnoni da kwamishinonin gona, masu hawa jirgi zuwa Dubai da Sin da sunan neman masu zuba jari. Ku dawo da hotuna da takardar yarjejeniya, a yi ta shela a rediyo, sannan shiru kamar an shuka dusa. Mutumin da ya riga ya zuba jarinsa, da guminsa da kuɗin gadonsa, yana nan bayan gidanku yana durƙushewa, ko kallo bai ishe ku ba.

Najeriya na buƙatar kifi kusan tan miliyan 3.6 a shekara, abin da muke samarwa kuwa bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Sai a kwashi dala a sayo kifin ƙanƙara daga Turai. Kasuwa ke nan a buɗe. Me ya hana ɗan gida cin ta?

Abinci. Shi kaɗai yana lashe kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin kiwo, kuma tarwaɗa ba ta san uzuri ba: ka rage mata ci, babbar ta haɗiye ƙaramar. A 2023 aka cire tallafin mai, aka saki naira. Dalar da ke wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a 2024. Garin kifi da sinadaran da ake shigowa da su suka bi dala, masara da waken suya suka bi kuɗin mota, janaretan da ke jawo ruwa ya bi fetur. Bayan wata biyar ko shida na wannan wahala sai dillali ya zo ya taya son ransa, don ya san kowane kwana kifin ya ƙara a tanki asara ce ga mai shi, kuma babu gidan sanyi ko tandar banda da za a fake da ita.

Kada a ce ina ƙin baƙi. Olam ta buɗe masana'antun abincin dabbobi a Chikun ta Kaduna da Ilori a 2017, jarin wajen dala miliyan 150. Skretting ma tana Ibadan. Madalla. Amma riba suka zo nema, kuma buhun da suka niƙa sai an sami mai saye. In masu kiwo suka watse, wane baƙo ne zai kawo kuɗinsa wurin da 'yan gari ke tserewa?

Abin takaicin, ba mu rasa komai ba. Ga ruwa kwance a Tiga da Challawa da Goronyo da Dadin Kowa, yayin da Ghana ke kiwon karfasa cikin keji a tafkin Volta. Ga cibiyar binciken kifi a New Bussa. A 2023 har sabuwar ma'aikatar tattalin arzikin teku aka ƙirƙiro a Abuja. Ofis dai ba ma gajiya da buɗewa.

Ranku ya daɗe, kuɗin tafiya guda da 'yan rakiyarta zai sayi injinan haɗa abincin kifi ga ƙungiyoyin masu kiwo, ya sa musu famfo mai aiki da hasken rana. Ku tsaya musu a sami bashin da zai jira kifi ya girma kafin a fara biya. Kafin ku sake yankar tikiti, ku aiko a ƙirga muku tankunan da suka bushe a jiharku. Huɗu na farko suna unguwarmu.