Alkawarin Janairu da Zubin Adashi

Ga mu mun sake dawowa daga hutun ƙarshen shekara, leɓuna a tsattsage saboda hunturu, kowa da sabon littafin rubutu a hammata da sabuwar niyya a zuci. Duk wanda ya zaga ɗakunan kwanan ɗalibai cikin makon nan zai tarar da takardu manne a bango, an ja musu layi da jan biro: bana da asuba zan riƙa tashi karatu, bana na rabu da taba, bana ba ni ba cin bashi, bana sai na fita da daraja ta ɗaya. Yayyenmu da suka riga mu fita, suka kama aiki a sakatariya da sauran ma'aikatu, su ma da nasu: wannan zai fara tara kuɗin fili, wancan zai koma neman digiri na biyu, waccan ta rantse ba za ta ƙara makara ofis ba. Ba mu raina ko ɗaya daga cikin niyyoyin nan ba. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne mun san makomar takardun. Kafin ƙura ta gama lafawa gefe ɗaya ya ɓamɓare, kafin zafin bazara ya kankama an ƙunshe ƙosai a ciki.

Lalle ba rashin mafari ke damunmu ba, don kuwa mu a nan mafari ya yi mana yawa. Akwai ɗaya ga Janairu, watan da Rumawa suka sa wa sunan gunkinsu Janus mai fuska biyu, ɗaya na duban baya, ɗaya na duban gaba. Akwai ɗaya ga Muharram, watan cika-ciki, wanda kowace shekara yake matsowa da kwana 10 ko 11. Akwai ranar buɗe sabon zangon karatu. Ga kuma iyayenmu na ƙauye, waɗanda tasu shekarar ba ta farawa sai ruwan shuka ya sauka. Ɗalibi guda yakan ɗaura niyya a duk waɗannan ranaku, ya kwance ta a tsakaninsu, har ta kai shi kansa ba ya gaskata maganar kansa. To, nan hasarar take. Wanda ya saba saɓa wa kansa alkawari, saɓa wa jama'a ba zai yi masa nauyi ba ran da aka ɗora shi bisa kujera, kuma daga cikinmu ne za a ɗebo masu hawa kujerun nan.

Ba don kaifin baki muka faɗi haka ba. Mu dubi ƙasar da ta haife mu, mu ga ko ba halinta muka gado ba. A 1976 aka ƙaddamar da shirin Ciyar da Ƙasa, aka ce kowa ya noma ko da bayan ɗakinsa ne, har ɗaliban jami'a aka tura gonaki lokacin dogon hutu. A 1980 aka sake ƙaddamar da wani shirin noman da sabon suna. A 1984 aka shiga Yaƙi da Rashin Ɗa'a, jama'a suka koyi bin layi, ma'aikatan da suka makara suka yi tsallen kwaɗo. Da gwamnatin ta faɗi a watan Agusta na 1985, sai layi ya watse. Aka ɗora mana rai a kan shekarar 2000, sa'an nan 2010, sa'an nan 2020, wadda aka ce a cikinta za mu shiga sahun ƙasashe 20 mafiya ƙarfin arziki a duniya. Kamfanin ƙarfe na Ajaokuta, wanda aka ƙulla yarjejeniyar gina shi da Tarayyar Sobiyat a 1979, ya haura shekara 40 ba a hura babban tanderunsa ba. Kowane ɗayansu da kiɗa da jawabi aka buɗe shi. An san ranar biki, amma ba a san wanda zai tashi ran Litinin ya yi kaza ba, balle wanda zai tsare shi da tambaya in bai yi ba. Takardar da ke bangon ɗakinmu ƙanwar waɗannan shirye-shirye ce, uwa ɗaya uba ɗaya.

Masana halayyar ɗan Adam sun auna wannan ciwo. A ƙarshen shekarun 1980, John Norcross na Jami'ar Scranton a Amurka ya bi sawun mutum 200 da suka ɗaura niyya a sabuwar shekara. Bayan mako ɗaya, kashi 77 cikin 100 suna nan kan bakansu. Bayan shekara biyu saura kashi 19. A Jamus kuwa, Peter Gollwitzer ya roƙi waɗansu ɗalibai su rubuto masa yadda suka yi jajiberen Kirsimeti, cikin kwana biyu bayan bikin. Rabinsu ya sa su faɗi tun da wuri sa'ar da za su zauna su rubuta da wurin da za su zauna. Sauran ya ƙyale su da kyakkyawar niyyarsu. A sakamakon da aka buga a 1997, fiye da kashi biyu cikin uku na masu tsai da lokaci da wuri sun cika, alhali a cikin sauran kamar kashi ɗaya cikin uku ne kawai. Ɗalibai iri ɗaya ne, aiki ɗaya, hutu ɗaya. Ba abin da ya raba su sai amsar tambaya biyu, yaushe da ina.

Mu dai da muka karanta wannan dariya ce ta kama mu, don iyayenmu mata da ba su taɓa shiga ɗakin lacca ba sun riga Bajamushen nan sani. Mene ne adashi in ba wannan ba? Mace ba ta tashi ran ɗaya ga wata ta yi shelar cewa bana za ta yi arziki. Takan nemi mata tara da ta yarda da su, su yanka abin da kowa zai iya zubawa ba tare da tukunya ta kwana ba wuta ba, su tsai da rana, ran kasuwa ko ƙarshen wata, su naɗa uwar adashi. In ranar ta zo, ko tana jin daɗin rai ko ba ta ji, yarinya za ta yi sallama a ƙofa ta ce an aiko ta karɓar zubi. Ba wanda ke tambayarta ko zuciyarta ta motsa yau. Kunyar idon 'yan'uwa ita ke yin aikin da ƙarfin zuciya ya kasa. Mutum goma masu zuba naira 5,000 a wata, kowa zai kwashi 50,000 in layi ya zo kansa, kuɗin da in a aljihunsa aka bar su da sun zurare a shayi da katin waya. Ba mu ce adashi ba ya rushewa ba. An sha ganin uwar adashi ta yi ɓatan dabo, kuma mai kwasar ƙarshe tsadar kaya takan cinye masa rabin amfani. Wannan gargaɗi ne a kan zaɓen abokan zubi, amma dabarar tana nan daram.

Haka makarantar allo, wadda da yawa daga cikinmu muka ratsa kafin mu san boko. Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu sumuni takwas, watau sumuni 480. Ba almajirin da malam ke ce wa ya je ya sauke a bana. Abin da ke gabansa shi ne ɗan abin da ke rubuce a allonsa yau, kuma ba zai wanke a ƙara masa ba sai ya zo gaban malam ya biya. Sai an kai ƙarshe sa'an nan a zayyana allo, a yi walima, dangi su taru. Mu kuwa 'yan boko mun juya abin: walima a farko, da shela, da sabon littafi mai bango mai ƙyalli, sa'an nan ba malam, ba allo, ba ranar biyawa.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, kowa ya sauko da takardarsa daga bango ya sake dubawa. Da farko ya soke yawancin abin da ke ciki, gama taura biyu ba ta taunuwa, balle goma. Abin da ya rage ya tambaye shi: wannan a hannuna yake ko a hannun wani? Daraja ta ɗaya ba a hannun ɗalibi kaɗai take ba, kamar yadda ruwan sama ba a hannun manomi yake ba. Amma sharar gona da kai taki nasa ne. "Zan yi ƙoƙari a lissafi" buri ne. "Litinin da Laraba, bayan la'asar, a benen laburare, zan warware tambaya biyar daga tsofaffin takardun jarrabawa, in kai wa abokin ɗakina ya gani ran Alhamis," wannan zubi ne. Wayar hannu kuwa a bar ta a ɗaki, don mun ga gwanaye da yawa sun shiga laburare da niyyar awa biyu, WhatsApp da TikTok suka karɓi awa ɗaya da rabi. Ma'aikacin da ke son tanadi ya cire nasa ran da albashi ya shigo, kafin ya biya ta kasuwa. Wanda ya ce zai ajiye abin da ya saura a ƙarshen wata, iska zai ajiye.

Mun san abin da waɗansu za su ce, kuma suna da gaskiyarsu. Wane shiri ɗalibi zai yi a ƙasar da yajin aikin malaman jami'a ya cinye wata tara a 2020, ya sake cinye wata takwas a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba? Wane tanadi ƙaramin ma'aikaci zai yi bayan an cire tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, kuɗin lita ya ninka kusan sau uku cikin 'yan kwanaki, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a shekarar naira 70,000 ne? Ba za mu ce wa mai jin yunwa rashin himma ne ya kama shi ba, kuma wannan ƙungiya ba za ta daina ɗaga murya a kan waɗannan al'amura ba. Amma mu faɗa wa juna gaskiya. A cikin watannin nan takwas, akwai waɗanda suka dawo da sana'ar ɗinki ko gyaran waya a hannu, akwai waɗanda suka karance littattafan zangon da ba a fara ba, akwai kuma waɗanda suka dawo ba su iya tuna lambar rajistarsu. Yajin aiki ɗaya ne ya same su duka. In guguwa ta yi yawa, zubi ake ragewa, ba adashin ake fasawa ba: in 5,000 ta gagara a koma 1,000, in awa biyu ta gagara a riƙe minti ashirin.

Sauran magana ɗaya, wadda a ganinmu ita ta fi kashe niyya, watau faɗuwar farko. Mutum ya yi kwana goma sha biyu yana tashi da asuba, ran na goma sha uku barci ya sace shi, sai ya ce shi ke nan, bana ma ta lalace, sai baɗi. Ina dalili? A cikin mutanen Norcross da suka kai shekara biyu, fiye da rabi sun zame aƙalla sau ɗaya a hanya, suka tashi suka ci gaba. Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan sun bi mutum 96 masu koyon sabuwar ɗabi'a, suka buga sakamakon a 2009: tsaka-tsakin lokacin da abu ke ɗauka kafin ya zama jiki kwana 66 ne, wani 18 sun ishe shi, wani sai 254, kuma tsallake rana ɗaya bai ɓata tafiyar ba. Ke nan wanda ya fara ran ɗaya ga Janairu, sai wajen makon farko na Maris abin zai soma yi masa sauƙi, mu kuwa tun Fabrairu muke yanke wa kanmu hukunci. Wadda ta rasa zubin wannan mako ba korarta ake yi ba, cewa ake ta haɗo da na gaba.

Kada a ce mun hau mumbari mun manta da kanmu. Bara, a wannan shafi, kwamitin wannan mujalla ya yi alkawarin fitowa sau huɗu. Sau biyu muka fito, ta biyun ma sai da jarrabawa ta ƙarato, ba mai sukunin karantawa. Mun ɗora laifi a kan tsadar takarda da mai ɗab'i, amma tsakaninmu mun san ba mu taɓa tsai da ranar karɓar rubutu ba. Bana sau uku muka ce, ba huɗu ba. Za mu riƙa zama ran Alhamis ta farko a kowane wata, bayan la'asar, a ofishin ƙungiya. Mun ba ma'ajin ƙungiya jerin sunayenmu da abin da kowa zai kawo, kuma mun yarda ɗan kwamitin da ya zo hannu rabbana sau biyu a jere a buga sunansa a bangon baya na fitowa ta gaba, ko da edita ne. Ƙofar ofishin a buɗe take ga duk mai son zuwa ya ga ko mun zauna.