Da Wane Mudu Ake Auna Malamin Jami'a?

Duk wanda ya saba da kasuwar hatsi ya san cewa rigimar mai saye da mai sayarwa a kan mudu take. To, a jami'o'in duniya ma akwai irin wannan rigima, sai dai abin da ake aunawa a can shi ne ilimin malami. Maganar ta shafe mu, domin da wannan mudun ne ake ƙara wa malaman 'ya'yanmu girma, da shi kuma ake raba kuɗin bincike.

Ga yadda abin yake. Idan malami ya yi bincike ya buga a mujallar masana, wani kuma ya zo ya kafa hujja da aikinsa ya ambaci sunansa, sai a ƙirga masa ambato ɗaya. Wani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield ne ya mayar da wannan ƙirga ta zama sana'a, inda cibiyarsa da ke Filadelfiya ta fito da kundin ambato na kimiyya a 1964. A 2005 kuma Jorge Hirsch na Jami'ar Kalifoniya ya kawo ma'aunin da ake kira "h". Malamin da ke da lamba 20 shi ne wanda yake da takardu 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Tun daga 2019 John Ioannidis na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa suke fitar da jerin masanan da aka fi ambata, kuma jami'o'in Nijeriya kan yi shela idan sunan malaminsu ya fito a ciki.

Ana kuma duba waɗanda mutum ya yi aiki tare da su. Masanin lissafi Paul Erdos, mutumin Hangari da ya rasu a 1996, ya buga takardu kusan 1,500 tare da mutane fiye da 500. Har yau masu lissafi kan ƙirga nisansu da shi: wanda ya yi rubutu tare da shi lambarsa 1, wanda ya yi rubutu da wannan ɗin lambarsa 2.

Ƙirgar tana da amfani, domin tana rage son kai da sanayya wajen ƙarin girma. Amma da zarar lamba ta zama ita ce ke kawo albashi da kujera, sai algus ya shigo. Wasu malamai kan haɗa kai su riƙa ambatar juna ba gaira ba dalili, wato a cuɗe ni in cuɗe ka. Wasu kan sa sunan maigidansu a takardar da bai ko karanta ba. Akwai ma kamfanonin da ke sayar da gurbin suna a takardun bogi. A 2023 kaɗai an janye takardun bincike fiye da 10,000 a duniya, mafi yawansu daga mujallun kamfanin Hindawi. A wannan shekarar ce kuma kamfanin Clarivate ya cire fannin lissafi ɗungurungum daga jerinsa na masanan da aka fi ambata, saboda maguɗin ambato.

Ko babu maguɗi, mudun bai cika ba. Gregor Mendel ya buga bincikensa kan gadon halitta a 1866, bayan shekaru yana gwaji da wake, amma ba a kula da shi ba sai a 1900, shekara 16 bayan rasuwarsa. Da da ƙirga aka auna shi yana raye, da an ce bai tsinana kome ba. Haka kuma manyan kundayen ƙirgar sun fi ɗaukar mujallun Turanci na Turai da Amurka. Malamin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana binciken ƙudujin da ke cinye dawa, ko wanda ya rubuta littafinsa da Hausa, zai iya amfanar dubban mutane alhali lambarsa ba ta motsa ba. Idan aka ci gaba da haka, matasan malamai za su guji matsalolin ƙauyukanmu su koma ga abin da zai jawo ambato daga waje.

Masana da kansu sun farga. A 2012 wasu daga cikinsu suka tsara sanarwar San Faransisko, wadda ta nemi a daina auna mutum da sunan mujallar da ya buga aikinsa, a koma ga abin da aikin ya ƙunsa.

Don haka muna kira ga hukumomin jami'o'inmu da su riƙe lamba a matsayin shaida ɗaya cikin shaidu. Kwamitin ƙarin girma ya zauna ya karanta takardun, ya tambayi wane ne ya yi aikin a cikin sunayen da aka jera, ya kuma duba ɗaliban da malamin ya yaye. Mu kuma iyaye, idan za mu zaɓa wa yaro makaranta, kada jerin sunaye a jarida ya ishe mu. Mu tambayi waɗanda suka zauna a ajin. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.