Sanin irin maciji rabin magani ne

A kwarin Komadugu, daga Difa har zuwa Maine-Sorowa, duk wanda ke ban ruwan tattasai ko ɗibar kanwa ya san hannunsa da ƙafarsa na shiga inda maciji ke kwana. In tsautsayi ya faɗa, tambayar farko da ake yi ita ce: wane iri ne? Masana ilimin dabbobi sun daɗe suna fama da wannan tambaya, kuma labarin wani macijin kogo na ƙasar Maleziya ya nuna yadda suke amsa ta.

A kogunan duwatsu na Batu, kusa da birnin Kwala Lampur, akwai wani maciji da Turawa suka rubuta bayaninsa a shekarar 1899, suka sa masa suna ridleyi. Tsawonsa kan kai mita 2, ba shi da dafi, abincinsa kuwa jemage ne. Yakan hau bangon kogo ya lafe cikin duhu, in jemage ya gitta sai ya cafke shi, ya nannaɗe shi har ya mutu, sannan ya haɗiye. Ba shi kaɗai ke wannan farauta ba. A shekarar 2017 wani masani mai suna Vladimir Dinets ya bayyana cewa a tsibirin Kuba wasu macizai dangin mesa sukan rataye a jere a bakin kogo lokacin fitar jemagu da komowarsu, kuma in suna da yawa sun fi samun kamu.

Macijin Batu reshe ɗaya ne na wani jinsi mai rassa da dama, waɗanda suka bazu daga Sin da Taiwan har Borniyo. Na kogon gabansa fari-fari ne, wutsiyarsa baƙa mai zane a tsaye, na Taiwan kuwa ruwan ɗorawa ne mai manyan baƙaƙen tabo. To amma launi kaɗai yana yaudara. Saboda haka masana sukan ƙirga ɓawon ciki daga wuya zuwa gindin wutsiya, su ƙirga layukan ɓawon baya, su rubuta wurin da aka kama shi, a zamanin nan kuma su gwada ƙwayoyin gadonsa.

Ƙasar Manga ta tuddan rairayi ce da kwaruruka, ba ta da irin waɗannan koguna, amma wannan ƙirga ita aka yi wa macizan Nijar. Jean-François Trape da Youssouph Mané na cibiyar bincike ta IRD sun buga jerin macizan ƙasar a shekarar 2015, suka samu jinsi 51. A cikinsu akwai kububuwa iri biyu: wadda cikinta fari ne sol, mai son busasshiyar ƙasa, da wadda cikinta ke da ɗigo-ɗigo, ta wuraren da suka fi samun ruwan sama. Akwai kuma macijin nan mai shan ƙwan tsuntsaye, wanda ya ari zanen kububuwa, har yakan goga jikinsa ya yi ƙara kamar tata, alhali ba shi da dafi, haƙora ma da ƙyar. Gaskiyar Hausawa ce, kama da wane ba ta wane ba.

Wannan bambanci maganar rai ce. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, mutum ya yi ta zubar da jini ta dasashi da bakin rauni, wani lokaci sai bayan awoyi. Ana yin allurar maganin dafi ne domin wasu jinsuna takamaimai, shi ya sa wadda aka haɗa domin macizan Indiya ba ta yin aikin kirki a kan kububuwar Afirka. Ɗan kasuwa mai shigo da magani da ma'aikacin da ke sa hannu a takardar saye, wajibi ne su karanta sunayen macizan da ke jikin kwalin. Tun shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi.

Wanda maciji ya sara, kada a ɓata lokaci wajen bin macijin. In ana iya ɗaukar hotonsa da salula daga nesa, ya wadatar. Kada a tsaga wurin, kada a ɗaure shi tamau, a cire zobe da munduwa, a hana shi tafiya da ƙafa, a kai shi asibiti nan take. A can likita zai zuba jininsa cikin busasshiyar kwalbar gilashi, ya jira minti 20. In bai daskare ba, ya san irin dafin da ke jikin, ko da ba wanda ya ga macijin. Allah Ya tsare.