Gayya ta Koma Bakin Magudana

Duk wanda ya yi damina a Douala ya san cewa ruwan garin nan ba irin na Kano ko Maraɗi ba ne. A shekara ana samun fiye da milimita 3,500, kuma a watannin Yuli da Agusta sama kan yini tana zuba. Garin shimfiɗe yake a bakin kogin Wouri, ƙasarsa ƙasa-ƙasa ce, don haka da zarar magudana ta toshe, ruwa ba shi da wurin zuwa sai ɗakunanmu da rumfunanmu. Daga Grand Hangar har New Bell, mun san abin da ke biyo baya: buhunan hatsi su jiƙe, sauro ya yi sansani, kwalara ta leƙo.

Me ke toshe magudanun? Leda da gorar roba. Tun shekarar 2014 dokar Kamaru ta haramta siraran ledoji, waɗanda kaurinsu bai wuce maikiron 60 ba, amma har yau a cikinsu muke ƙulla tsire da ƙosai. Kamfanin HYSACAM yana kwashe shara, sai dai motarsa ba ta shiga kowane lungu, kuma ba ita za ta hana hannunmu jefa gora a kwata ba. Abin da ruwa ya kwasa yakan ƙare a dazukan da ke tsiro cikin ruwan gishiri a bakin Wouri, inda kifi ke hayayyafa.

Akwai masu aiki a kan wannan. Ƙungiyar Madiba & Nature, wadda Ismaël Essome ya kafa, tana tattara gorunan roba tana haɗa kwale-kwale da su domin masunta. Irin waɗannan ƙungiyoyi da hannun 'yan sa-kai suke tafiya, kuma ra'ayinmu shi ne lokaci ya yi da za a riƙa ganin samarinmu da 'yan matanmu a cikinsu da yawa.

Wasu za su ce aikin hukuma ne, tunda muna biyan haraji da kuɗin rumfa. Gaskiya ne, kuma bai kamata mu daina tambayar hukuma haƙƙinmu ba. Amma unguwar da ta yashe magudanarta ta fi ƙarfin baki a gaban magajin gari. Wasu kuma za su ce mai neman abincin yau ba shi da lokacin aikin kyauta. To, a lissafa asarar dare ɗaya na ambaliya, a gwada ta da awa biyu na safiyar Lahadi.

Aikin sa-kai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu suna kiransa gayya: a taru a nome gonar wani, a ɗora jinkar wani, ba lada sai fura da godiya. Mata masu kunu da zoɓo sun daɗe suna wanke gora su sake amfani da ita, 'yan gwangwan kuma sun daɗe suna mayar da shara kuɗi. Ilimin yana hannunmu, tsari ne ya rage.

Jamusawa ne suka shata New Bell a 1914, kuma Hausawa suna cikin waɗanda suka raya ta tun farkon zamaninta. Wanda iyayensa suka shafe shekara ɗari a wuri ba ya zaman baƙo, kuma alamar ɗan gida ita ce ya damu da ƙofar gida. Saboda haka muna kira ga masu unguwanni da limamai da shugabannin kasuwa su tsayar da rana guda a wata, a tanadi shebur da baro da safar hannu, a gayyato ƙungiyoyin muhalli su karɓi gorunan da aka tara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A fara tun da rani, kafin hadarin Yuli ya haɗo.