Kuɗin shiga kafafen sada zumunta: Abin da ya dace a sayar da wanda bai dace ba

Tun da Elon Musk ya sayi Twitter kan dala biliyan 44 a Oktoban 2022 ake taƙaddama kan ko ya dace kafafen sada zumunta su riƙa karɓar kuɗi daga masu amfani da su da masu ƙera manhajoji. Musk ya sanya wa shuɗiyar alamar tantancewa farashin dala 8 a wata, sannan a 2023 ya toshe ƙofar kyauta da manhajoji ke bi su ɗebi bayanai ko su wallafa saƙo da kansu. Reddit ya bi sahu, har manhajar Apollo ta rufe a ƙarshen Yunin shekarar.

Hujjar kamfanonin tana da ƙarfi. Kula da rumbunan bayanai na cin kuɗi, kamfanonin ƙirƙirarriyar basira na kwasar rubuce-rubucen jama'a ba tare da biyan sisi ba, kuma kuɗin shiga na iya rage asusun bogi.

Sai dai abubuwa biyu sun nuna inda gizo ke saƙar. A Nuwamban 2022 wani ya sayi alamar, ya yi shigar kamfanin magunguna na Eli Lilly, ya shelanta cewa allurar insulin ta zama kyauta. Alamar da ke shaida ko wane ne mutum ta koma shaidar cewa ya biya. A Afrilun 2023 kuma hukumar sufuri ta birnin New York ta dakatar da sanarwar zirga-zirgar jirage a dandalin, kafin kamfanin ya janye kuɗin ga hukumomin da ke fitar da gargaɗin yanayi, sufuri da agajin gaggawa.

Wannan ya shafi Abuja kai-tsaye, inda ma'aikatu da hukumomi irin su NEMA da NiMet ke isar da sanarwa ta waɗannan kafafe, hadimai kuma ke kula da shafukan iyayen gidansu. Kamfani na da ikon sayar da ƙarin hidima, amma tantance mai magana da sanarwar ceton rai ba hajar kasuwa ba ce. Dakatar da Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 ta riga ta nuna cewa zanen aro ba ya rufe katara. Hukumar da ba ta raya shafinta na intanet ba, ta kuma yi sakaci da rediyo da saƙon tes, wata rana sai ta biya da dala kafin ta yi magana da 'yan ƙasa.