Sakin Waɗanda Ake Tuhuma Da Fashin Daji: Haƙƙin Wa Ake Yafewa?

A farkon watan Janairun 2026 wata wasiƙa ta ɓulla daga Ma'aikatar Shari'a ta Jihar Katsina zuwa ga Babban Jojin jihar, tana neman a saki mutum 70 da ake tuhuma da fashin daji, domin cika sharuɗɗan sulhun da aka ƙulla a wasu ƙananan hukumomi. Gwamnati ta kare matakin da cewa musayar fursunoni ce, kuma sulhun ya dawo da mutane da dama gidajensu. Mu da muke zaune tsakanin Funtua da Malumfashi ba ma raina wannan hujja. Mun san manomin da ya bar masararsa ta ruɓe a gona saboda tsoro. Amma kuma ba mu manta da asubahin 19 ga Agustan 2025 ba, lokacin da aka buɗe wa masallata wuta a Unguwar Mantau.

Ta fuskar doka, sashe na 211 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba Antoni Janar na jiha ikon janye ƙara, bisa sharaɗin la'akari da maslahar jama'a da adalci. Sai dai ikon ya tsaya ne kan laifuffukan da dokar jiha ta tanada. Tun Nuwamban 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda, ta'addanci kuwa laifi ne na tarayya. Don haka dole a fayyace wa jama'a tuhumar da ke kan kowane mutum ɗaya.

Hukuncin Musulunci ya fi wannan tsauri. Aya ta 33 a Suratul Ma'ida ta yanke hukuncin hiraba, aya ta 34 kuma ta keɓe wanda ya tuba kafin a ci ƙarfinsa. Wanda ke hannun hukuma an riga an ci ƙarfinsa. Tubansa na amfanarsa a wurin Allah, amma ba ya ɗauke haddi. Shi ma wanda ya ajiye makami da kansa, malamanmu na Malikiyya sun ce haddin kaɗai ke faɗuwa. Jini da dukiyar mutane suna nan a wuyansa: waliyyan mamaci ne za su nemi ƙisasi, ko su karɓi diyya, ko su yafe. Gwamna ba waliyyin jini ba ne, kwamitin sulhu ma haka. Kiyasin da ake yi da fursunonin yaƙi yana da rauni, domin fuƙaha'u sun rarrabe ɗan fashi da ɗan tawaye mai tawili.

Ba mu ce mutanen 70 duk masu laifi ne ba. Sashe na 36 ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin mara laifi har kotu ta tabbatar, Shari'a kuma ta ɗora hujja a kan mai ƙara. Tsare bawan Allah shekaru ba shari'a zalunci ne da muka daɗe muna kuka da shi a kan mumbari. Wanda babu shaida a kansa, alƙali ya sallame shi a bainar jama'a.

An yi sulhu a zamanin Masari, a 2016 da 2019, daga baya shi da kansa ya yi nadama. A wannan karon muna neman a buga sunaye da tuhume-tuhume, a kira iyalan waɗanda aka kashe su tsaya gaban alƙali kafin a buɗe wa kowa ƙofar kurkuku.